Daga Turmin Atamfa Zuwa Cin Mutunci: Nazarin Yadda Aka Yi Wa Wata 'Yar Kasuwa Taron Dangi A Facebook

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune a wata unguwa cikin ƙaramar hukumar Dala a Kano. Bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ta koma gaban mahaifiyarta bayan mutuwar aurenta. Ba ta da shago. Takan saro atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari, ta shimfiɗa su a kan gado inda hasken taga ke faɗowa, ta ɗauki hoto ta ɗora a Facebook da WhatsApp. Mai so ya turo kuɗi, in a cikin gari yake ta ba ɗan adaidaita, in na Zariya ko Kaduna ne ta kai tashar Unguwa Uku ta ba direba. Da wannan take biyan kuɗin makarantar yara da maganin hawan jinin mahaifiyarta. Ta yarda a ba da labarin bisa sharaɗin a sakaya sunan kowa, har da na waɗanda suka cuce ta.

Abin ya faro ne a makon farko na azumi, lokacin da kowa ke rige-rigen kai ɗinki kafin teloli su rufe karɓa. Wata mata a Zariya ta sayi turmi ɗaya mai ruwan bula. Da ta jiƙa shi kafin ta kai wa tela, sai ya zuba, ruwan bokiti ya koma shuɗi. Ta turo saƙo ta WhatsApp, shiru. Ta sake turowa washegari, shiru, domin saƙonnin masu oda sun binne nata. Ranta ya ɓaci, ta ɗauki hoton bokitin ta ɗora a Facebook, ta kama sunan shafin mai kayan, ta ce mata su yi hattara. Maganar gaskiya, wannan matar tana da hujja. An sayar mata da kaya mai zuba a farashin mai kyau, kuma ba a kula ta ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ciniki ne ya samu matsala, a maida kuɗi a wuce wurin. Amma bayan an sauko daga tarawihi sai wani shafi mai hoton mota da wani laƙabi ya shigo ƙarƙashin rubutun. Bai ce komai a kan atamfa ba. Cewa ya yi: "Ai wannan ba yau ta fara ba. Ku tambaye ta dalilin da ya sa mijinta ya aiko mata da takarda ta hannun kawunta." Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa kowa ya san ba kuɗin atamfa ne ke riƙe da ita ba, akwai alhazawan da take kai wa kaya da daddare. Daga nan mutane suka yi caa. Waɗanda ba su taɓa sayen ko ɗankwali a wajenta ba suka fara ba da shaida. Wani ya ce haka zawarawan yanzu suke. Wata ta ce tun ganin farko idonta bai yi mata ba. Wasu kuwa alamar dariya kawai suke dannawa, suna kiran sunayen abokansu su zo su gani.

Ita kuma ta yi abin da kusan kowa zai yi. Ta zauna da waya a hannu har sahur tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana rantsuwa, tana bayani, wani wurin tana ramawa. Kowace amsa da ta bayar sai ta haifar da goma. Washegari ta yi bidiyo tana kuka, tana cewa Allah ya isa. Aka yanko daidai inda muryarta ta karye, aka ɗora masa kiɗa, ya shiga yawo a TikTok. Yayanta, wanda yake sayar da kayan gyaran babur, ya ga abin ya tunzura, ya rubuta wa mai shafin motar cewa in ya kama shi sai ya karya shi. Nan da nan aka ɗauki hoton wannan saƙo aka baza, aka ce ga shi 'yan daba ne danginta. A daren ne shafin ya wallafa lambar wayarta, wadda da ma ita ce ta kasuwa kuma ita ce ta gida. Maza suka fara kira da tsakar dare suna tambayar "nawa ne kaya".

Masu cewa ai magana ce ta waya, a kashe data a huta, ba su duba inda maganar ke sauka a gari irin Kano ba. Cikin 'yan kwanaki yayar tsohon mijinta ta kira mahaifiyarta ta ce suna duba yiwuwar karɓe yaran, tunda ga abin da ake faɗa. Mutumin da ke neman aurenta, wanda har manya sun fara shiga maganar, ya rage kira. Mai shagon da ke ba ta kaya bashi a Kwari ya ce a bari sai bayan sallah. Babbar 'yarta ta dawo daga Islamiyya ta ce wata ta nuna mata bidiyon Ummanta a waya. Ita kanta ta daina cin abin kirki a buɗa-baki, ta daina barci, wayar na ƙara gabanta na faɗuwa.

Su wane ne suka taru a kanta

Babban abin da nazarin wannan lamari ya nuna mini shi ne, mutanen da suka yi mata ca ba iri ɗaya ba ne, ita kuwa ta ɗauke su duk abokan gaba, ta ba su amsa iri ɗaya. Matar Zariya kuɗinta take nema da a ba ta haƙuri. Mai shafin mota ƙullin da ke ransa ba na atamfa ba ne, kuma ya san cikin gidanta, domin maganar takardar saki ta hannun kawu ba kowa ya san ta ba. Sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa, 'yan kallo ne da suka samu abin rage dare kafin sahur.

A kan waɗannan 'yan kallo ya kamata a daɗe, domin su ne mu. Yawancinsu in ka haɗu da su a masallaci ko a gidan biki mutanen kirki ne, ba za su iya kallon idon mace su ce mata abin da suka rubuta ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Suler, ya yi rubutu a 2004 a kan yadda intanet ke cire wa mutum takunkumi: ba a ganin fuskarka, ba ka ganin fuskar wanda kake yi wa magana, kana iya jefa kalma ka ajiye waya ka tafi, kuma babu wani babba a wurin da za ka ji nauyinsa. A tarbiyyarmu kunya ce ke riƙe da harshe, kunyar kuwa ido take bi. A zaure, in yaro ya fara sakin baki, kallo ɗaya daga dattijo ya ishe shi. A waya babu wannan kallon.

A 2017 wasu masu bincike daga jami'o'in Stanford da Cornell sun bi diddigin miliyoyin kalaman da mutane suka rubuta a shafin labarai na CNN, suka kuma yi gwaji da mutane. Abin da suka gano shi ne ba sai mutum mugu ne tun asali yake shiga cin zarafi ba. Abu biyu ke ingiza shi: yanayin da ransa yake ciki, da kuma ganin cewa wasu sun riga sun fara zagi a wurin. Sun kuma lura abin ya fi yawa da daddare. Haka ya faru a nan. Kafin mai shafin mota ya shigo, masu magana a ƙarƙashin rubutun matar Zariya shawara suke bayarwa, wasu ma suna cewa a yi wa mai kayan uzuri. Shi ya buɗe ƙofa, saura suka bi.

Akwai kuma waɗanda jin daɗin abin suke yi. Wani bincike da Erin Buckels da abokan aikinta suka fitar a Kanada a 2014 ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin son tsokanar mutane a intanet da ɗabi'ar jin daɗin ganin wani yana shan wahala. Irin wannan mutum, hawayenka ne ladansa. Bidiyon kukan da ta yi don a tausaya mata, a wajensa shaida ce cewa jifansa ya samu.

Sai kuma ita kanta manhajar. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki 5 a kan alamar "so" wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane, kafin daga baya ya rage. Ko an sauya lissafin, tushen na nan: rubutun da ake ta magana a ƙarƙashinsa shi ake ƙara turawa gaba. Don haka duk rantsuwar da ta rubuta cikin dare tana ƙara kai rubutun gaban mutanen da ba su san ta ba. A Kano ma mun daɗe da sanin sojojin baka a rediyo da 'yan data a soshiyal midiya, mun saba ganin ana samun suna da kuɗi ta hanyar zage-zage. Yaron da ya tashi yana ganin haka, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka cin mutunci hanya ce ta tara mabiya.

Abin da aka yi

Juyin lamarin ya fara ne ranar da 'yar ƙanwar mahaifiyarta, malamar makaranta, ta zo gidan ta ce: "Yaya, ba ni wayar nan. Daga yau ni zan riƙa dubawa, ke ki kwanta." Wannan ƙaramin abu ya fi komai amfani a farko. Wanda ake zagi ba zai iya karanta zagin da nutsuwa ba, wani na kusa da shi kuwa zai iya.

Malamar ba ta goge komai ba, ba ta toshe kowa ba tukuna. Ta zauna ta ɗauki hoton kowane rubutu na shafin motar yadda sunan shafin da lokaci za su fito, ta kwafi adireshin shafin da na kowane rubutu, ta ajiye jerin lambobin da suka kira da dare, ta tura komai zuwa wata wayar. Mutane da yawa suna fara toshewa saboda zafin rai, sai daga baya su nemi hujja su tarar an goge ko ba sa iya gani. Bayan ta gama ne ta rufe damar yin magana a ƙarƙashin hotunan kayan, ta kai rahoton rubutun da ke ɗauke da lambar waya, ta toshe masu zagi ba tare da ta ce musu uffan ba. Rubutun lambar an cire shi, domin wallafa lambar mutum don a dame shi laifi ne bayyananne. Habaici da gugar zana kuwa suna da wuyar kai ƙara, tunda wanda bai ji Hausa sosai ba zai ga kamar babu zagi a ciki.

Sai matar Zariya. Ita aka kira a waya, ba a rubuce ba. Mai kayan ta ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne ban ga saƙonki ba. Turo lambar asusunki." Aka maida mata kuɗinta har da na mota. Matar ta ce wallahi ita ma abin ya dame ta, ba ta nufi a kai nan ba, tana ta jin nauyin yadda rubutunta ya zama dandalin zagin mutum a cikin azumi. Da kanta ta goge shi, ta rubuta cewa an biya ta kuma ba ta da hannu a maganar da ake yaɗawa. Mai kayan ta fitar da sanarwa guda ɗaya, gajeriya: an samu turmi mai zuba a cikin kayan da ta saro, ta biya mai shi, duk wanda ya sayi irinsa ya dawo da shi. Ba ta ambaci aurenta ba, ba ta ambaci alhazawa ba. Ina ganin wannan daidai ne. Abin da ya shafi ciniki haƙƙin masu saye ne su ji bayaninsa. Abin da ya shafi mutuncinta kuwa, 'yan kallo ba alƙalai ba ne da za ta tsaya tana wanke kanta a gabansu.

Amma akwai waɗanda suka cancanci bayani, kuma a nan ne shawarar "ki ƙyale su kawai" take gazawa. Shiru yana maganin mai neman dariya, ba ya maganin ƙazafin da ya riga ya shiga gidan surukai. Kawunta ya ɗauki takardun da aka buga na hotunan, ya je da ƙafarsa wajen mahaifin tsohon mijinta, ya kuma je wajen waliyyin mai neman aurenta. Ya nuna musu cewa shafi ɗaya ne ya ƙirƙiro maganar, kuma suna bin sawunsa. Yayan nata aka ce ya goge barazanar da ya yi, kada ya sake rubuta komai, domin a idon doka saƙonsa zai iya zame masa laifi ko da shi aka fara tsokana.

Sun kuma ga lauya. Ya bayyana musu cewa dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara 3, amma an yi wa sashen gyara a 2024 bayan kotun ECOWAS ta ce ya ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka zagi tsagwaronsa ba ya shiga cikinsa kamar da. Ya ce ƙofar da ta fi kusa da su ita ce ta ɓata suna a dokar Penal Code, da kuma ƙazafi a dokar shari'ar Musulunci ta jihar Kano ta 2000, wanda haddinsa bulala 80 ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur ga wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu 4 ba. Sai dai kotu mutum take kira, ba hoton mota ba. Kawun ya ce: "Barista, ai mun ga yadda aka yi wa yaran nan na TikTok." Yana nufin matasa biyu da wata kotun majistare a Kano ta yanke wa bulala 20 da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 a Nuwamban 2022 saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Lauyan ya ce haka ne, amma mai sayar da atamfa sai ta nemo mai laifinta da kanta. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin doka ɗaya ce, saurinta ne ya bambanta.

Gano shi bai buƙaci wata ƙwarewar kwamfuta ba. Malamar ta yi haƙuri ta gangara can ƙasan shafin, shekaru baya. Ashe tsohon shafi ne aka sauya wa suna da hoto, aka manta ba a goge komai ba. Ta tarar da wani hoton ranar sallah, a ƙarƙashinsa wata mata ta rubuta "ƙanina na kaina". Matar nan kuwa sananniya ce a gidan. Ita da mai kayan tare suke zuwa Kwari saro kaya a da, tare suke adashi, har suka ɓata a kan wani bashi da kuma masu saye da ɗaya ke ganin ɗaya ta janye mata. Ita ta ba ƙanenta labarin takardar saki, shi kuma, ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ƙara nasa.

Iyalin suka zaɓi su fara da mai unguwa kafin kotu. Aka zauna a zaurensa bayan la'asar, da iyayen yaron da yayarsa da limamin unguwa. Da aka baje takardun a kan tabarma, yaron bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Ranka ya daɗe, wallahi ni wasa na ɗauke shi. Na ga mutane suna dariya, mabiyana suna ƙaruwa, sai na ci gaba." Mai unguwa ya tambaye shi ko ya taɓa ganin alhajin da ya ce ana kai wa kaya da dare. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko zai iya maimaita maganar yanzu ga ta a zaune. Ya kasa ɗaga kai. Yayar tasa ta fara cewa ita ba ta sa shi ba, liman ya ce mata wanda ya ba da itace ba zai ce ba ruwansa da gobara ba. Aka juya ga mai kayan aka ce: "'Yata, me kike so?" Ta ce ba ta son a daki kowa, so take ya faɗi gaskiya a inda ya faɗi ƙarya, da sunansa da fuskarsa.

Aka rubuta yarjejeniya, ya sa hannu, mahaifinsa da mai unguwa suka sa. Ya yi bidiyo ya ce ƙarya ya yi, ya nemi afuwa, aka sharɗanta ya bar shi a shafin ba gogewa, ya kuma goge sauran rubuce-rubucen. Lauyan ya riƙe kwafin takardar, da sharaɗin in aka sake, kotu za a nufa kai tsaye.

Inda aka kwana

Bidiyon neman afuwar bai kai ko kusa da inda bidiyon kukan ya kai ba. Waɗanda suka kira abokansu su zo kallo ba su kira kowa ya zo ya ji gaskiya ba, kuma cikin duk masu ba da shaidar zur ɗin nan, mace ɗaya ce ta turo saƙo ta nemi yafiya. Kasuwar sallar ta wuce ta, sai bayan babbar sallah ciniki ya fara dawowa, yawanci daga tsofaffin masu saye da suka san ta. Dangin tsohon mijin sun janye maganar yara bayan zuwan kawu. Maganar auren kuwa an ɗaga ta, mahaifiyar mutumin ta ce a bari ƙura ta lafa, har yanzu ba a sa rana ba.

Ta sayi layi na biyu na kasuwa kaɗai, ta maida WhatsApp ɗinta na 'yan kasuwa mai amsa saƙo da kansa, ta ware lokaci kullum bayan azahar don duba ƙorafi kafin sabbin oda. Duk sabon samfurin atamfa da ta saro, takan jiƙa gefen ƙyalle ta gani kafin ta ɗora hotonsa. Ta daina sa fuskarta da ta yaranta a shafin kaya. Bidiyon kukan yana nan a wasu shafukan TikTok da ba a san masu su ba, malamar tana kai rahotonsu duk lokacin da wani ya turo mata.